Maɗin Tuffar Jamilatu

Ranar da Jamilatu ta fara ƙwanƙwasa ƙofar Kaltume, Kaltume tana cikin takaba, abinci kuma ya daina shiga cikinta. Mijinta Malam Lado mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne a wani kamfani a Riyad. Ya fita aiki da ƙafarsa, zuciya ta tsaya masa yana kan tsani, aka sallace shi bayan la'asar aka kai shi. Matan unguwarsu ta Jaradiya sun yi iya yinsu. Kwanuka sun yi ta shigowa, tuwo miyar kuka, shinkafar kabsa, farfesu, duk sai ta buɗe ta kalla ta rufe. Shayi kawai take kurɓa, shi ma don kada jiri ya kayar da ita a kan sallaya.

Sai ga matar saman bene, doguwa, baƙa, mai babbar murya, wadda Kaltume ba ta sani ba sai da gaisuwar matakala. Ba ta zo da kwano ba. 'Yar kwalbar cuku ce a hannunta, an wanke an cika ta da wani abu mai kauri, ja ya doshi baƙi, sai gurasar tamis mai zafi a leda.

"An ce ke 'yar Haɗeja ce," in ji ta, tun ba ta zauna ba.

"Haka ne."

"To ni Bakatsiniya ce, kin ga uwargijiyarki ta zo duba baiwarta. Na san ciwonki. Kifi ne babu a garin yashin nan. Buɗe baki."

Kaltume ta ɗago ta dube ta. Tun rasuwar babu wanda ya yi mata magana sai da sassanyar murya, ga abokiyar wasa ta shigo mata har tsakar ɗaki ba sallamar kirki. Jamilatu ta yagi gurasa, ta lakato abin cikin kwalbar ta shafa, ta miƙa mata. Ta karɓa don kunya. Da ya taɓa harshenta sai ta ji zaƙi da ɗan tsami da ƙamshin kirfa, ta tuna maɗin ɗinya da kakarta take dafawa suna yara. Ta cinye. Ta miƙa hannu da kanta ta yagi na biyu.

"Wannan ai maɗi ne," in ji ta.

"Larabawa murabba suke cewa. Wadda ta koya min kuma wani suna take kiransa, ya fi ƙarfin bakina. Tuffa ce dai."

"Maɗin tuffa ke nan."

Sunan da ya bi shi ke nan a bakin duk wani Bahaushe da ke Riyad.

Jamilatu 'yar Dutsin-Ma ce. A gindin tanda ta tashi, uwarta tana tuyar masa a bakin tasha, ita tana miƙa wa direbobi tana mayar musu da baƙar magana. Ta zama budurwa ke nan uwar ta rasu wurin haihuwar ƙanwarta Hajar. Ita ta goyi jaririyar, ta raine ta da madarar gwangwani da koko, ta riƙa hannunta ta kai ta makaranta. Ko da aka yi aurenta da Uwaisu, da Hajar ta tare. Da Uwaisu ya samu aikin gini a Saudiyya, har ya zama shugaban leburori a Dir'iyya da ke gefen Riyad, can inda kullum ake rushewa ana tayarwa, ya yi mata takardu ta biyo shi. Hajar kuwa dole aka bar ta wurin gwaggonsu. Jamilatu takan ce kukan da ta yi a ranar ya fi na ranar mutuwar uwarsu. Allah bai ba ta haihuwa ba. In an tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta ce, "Ɗaya, tana gida," ta canza zance.

Ba mace ce mai zama ba. Gidajen likitoci da ma'aikatan jinya 'yan Najeriya da ke unguwar Shifa take bi, ta yi musu masa da tuwo da miyar taushe su zuba a firji, don su ba su da lokacin tsayawa a kan tukunya. A can ta haɗu da wata Baturiya ma'aikaciyar jinya, wadda kwangilarta ta ƙare za ta koma ƙasarsu, ta bar mata wata tukunyar lantarki mai nauyi, cikinta na tangaran, murfinta na gilas. Ba ta tafasa abu, sai dai ta yi ta turara shi a hankali wuni guda. Baturiyar ta nuna mata yadda ake dafa tuffa a ciki har ta narke. Sau ɗaya ta gani ta riƙe.

Sai dai tukunyar tana son mai zama kusa da ita, Jamilatu kuwa tun hantsi take fita. Uwaisu ya ce ba za a bar masa wuta a kunne a tsohon bene irin nasu ba kowa a gida. Saboda haka wata safiya ta sauko da tukunyar a rungume kamar jaririya, ta dire ta a kusurwar ɗakin Kaltume.

"Ke da shari'a ta hana ki fita, ga abokiyar hira. Zaman banzan ya isa haka, Bahaɗejiya."

A nan tukunyar ta yi zamanta. Ranar Juma'a Uwaisu yakan biya kasuwar Aziziyya ya ɗauko kwalayen tuffar da ta bugu a hanya, wadda masu shago ba sa son jerawa a gaba. Bayan sallar asuba Jamilatu ta sauko da wuƙaƙe biyu, su zauna su fere, su cire 'ya'yan da wurin da ya yi baƙi, su yayyanka su cika tukunyar har murfi ya ƙi zama daidai. Ba a zuba ruwa, tuffar ce za ta kawo nata. A barbaɗa kirfa da kanumfari da ɗan gishiri, a matsa lemon tsami, a murɗa makunnin zuwa ƙaramar wuta. Daga nan Jamilatu ta yafa abayarta ta tafi, sauran aikin na Kaltume ne.

Kaltume ba ta yi boko mai nisa ba, amma idonta ba ya wuce abu. Ta lura da azahar tuffar ta sauka zuwa rabin tukunya tana iyo a ruwanta, launinta kamar na kunun gyaɗa. A lokacin take sa maburgin da ta zo da shi daga gida ta burge ta sumul, don ta ce injin markaɗe yana kashe mata jiki. Ta lura in an bar murfin a rufe har ƙarshe, tururin ne yake komawa ciki abin ya tsinke, sai ta riƙa gitta muciya a bakin tukunyar ta ɗora murfin a kai, ya sami kafar numfashi. Daga la'asar ba ta yin nisa. Ta ja carbi ta juya, ta ja ta juya, tana kankare gefen da yake son kamawa. In ta ɗiga cokali guda a faranti, ta ga ya tsaya cak babu ruwan da ya tsatso ya kewaye shi, to ya yi. Ita ce ta rage sukari ta maye da dabino, ita ce ta fara jefa kimba guda ɗaya a ciki ta tsame kafin a kwashe. Ranar da Jamilatu ta ɗanɗana wannan, sai da ta sake lakata.

"Ashe masu cin kifi ma suna da harshe," in ji ta.

Takaba ta ƙare, tukunya ba ta koma sama ba. Kwalaben cuku suka yi ta taruwa, a dafa su a ruwan zafi, a cika, Jamilatu ta loda a jaka ta kai Shifa. Tsakanin matan biyu kuma ciyayya ta ƙullu, irin ta gida. Akwai wani kwano mai murfi mai zanen fure ja, kullum da magariba yana kan matakala. In ya sauko da tuwon Jamilatu, gobe ya hau da dambun Kaltume ko ɗan wake. Ko ranar da Kaltume ba ta ɗora komai ba, sai ta zuba dabino ko gyaɗa, don ba a mayar da kwanon ciyayya wayam.

Abu ɗaya ne yake hana Kaltume sakewa. Iƙamarta, wato takardar zamanta a ƙasar, a ƙarƙashin sunan Malam Lado take. Wakilin kamfanin ya zo ya yi mata gaisuwa cikin mutunci, ya kuma gaya mata gaskiya: in wa'adin katin ya cika ba ta sami wani kafili, wato mai tsaya mata, da zai ɗauke ta ba, sai tafiya. Ita kuwa me ta bari a Haɗeja? 'Ya'yan da ta haifa duk sun koma tun suna ƙanana. Gidan su Malam Lado an raba gado. Sai wanta da matarsa da ɗaki ɗaya na ajiye buhuna. A nan Riyad kuwa kabarin mijinta yake. Daga nan, in azumi ya kama, mota take hawa ta kwana a hanya ta wayi gari tana ɗawafi. Ba ta taɓa roƙon Allah dukiya ba, amma ta roƙe Shi Ya ɗauki ranta a ƙasar nan.

Jamilatu ta san wannan duka. Ita ce ma ta sauko wata rana a guje, abayarta a hannu, tana haki.

"Tashi ki yi rawa, baiwata! Dakta Kamila ce. Kin san ta, likitar mata, mai gida a Shifa. Ta kawo mahaifiyarta daga Kano, tsohuwar ba ta cin komai sai maɗinmu da gurasa. Dakta ta ce duk wadda take dafa wannan abu ita take so a gidanta, ta zauna da tsohuwa, za ta yi mata kafala."

Kaltume ta dafe ƙirji. "Kika ce mata me?"

"Na ce akwai wata Bahaɗejiya mummuna, ba ta magana, ba ta dariya, sai carbi. Ki bar min komai. In ban zaunar da ke a garin nan ba, ba a Dutsin-Ma aka haife ni ba."

Kaltume ta yi sujada a nan inda take, kusa da tukunya. Daga ranar ta daina tambayar kowa. Da wani ɗan garinsu ya ce ya ji ana neman mai kula da yara a wani gidan Larabawa, ta ce masa Allah Ya saka, an riga an yi mata hanya.

Ana cikin haka Hajar ta iso. Uwaisu ya samo mata bizar ziyara, ta sauka da 'yar jakarta, siririyar budurwa mai sanyin murya, ba ta ɗauko komai na yayarta ba sai tsawo. Jamilatu ta zama kamar wadda aka yi wa albishir da Aljanna. Ta saya mata abaya, ta kai ta Umra, ta riƙa zuba mata nama tana cewa gwaggo ta bar ta da yunwa. Amma bizar ziyara ba ta zama ba ce. Aka sabunta, aka sake sabuntawa, har aka ce wannan ce ta ƙarshe.

A wannan tsakanin ne Jamilatu ta turo Hajar ƙasa.

"Ga 'yarki nan ta taya ki. Ƙafafunki sun fara kumburi, ki bar ta ta riƙa juyawa."

Kaltume ta ji daɗi har ranta. Ta daɗe ba a ce mata ga 'yarki ba. Ta zaunar da yarinyar a gefenta, ba ta ɓoye mata komai ba. Ta nuna mata yadda ake riƙe maburgi a tsakanin tafuka, da lokacin gitta muciya, da irin dabinon da yake narkewa ba ya barin zare. Ta kama hannunta ta sa ta ɗiga a faranti, suka sunkuya tare suna jiran ko ruwa zai tsatso.

"Iya, kimbar fa, yaushe ake tsamewa?"

"In kin ji ƙamshinta ya riga na kirfa zuwa hancinki, kin makara. Matso ki shinshina."

Yarinyar tana da hannu, ta kuma iya sauraro. Ba a daɗe ba ta dafa tukunya guda ita kaɗai, Kaltume tana kallo daga kan sallaya, ta sa mata albarka.

Abin da ya fara taɓa zuciyar Kaltume ba wani babban abu ba ne. Jamilatu ce ta daina zaginta. Wata safiya ta shigo da sallama cikakkiya, ta rusuna, ta ce, "Ina kwana, Yaya Kaltume. An tashi lafiya?" Babu baiwata, babu zancen kifi. Kaltume ta ɗauka ko ba ta jin daɗi ne, ta jefa mata tsokana da kanta, ita da ba ta iya ba.

"Yau Katsinawa sun koyi gaisuwa?"

Jamilatu ta yi 'yar dariya iya leɓe, ta sa kai a kan tuffar da take ferewa. Kwanon ciyayya kuma ya riƙa saukowa da nama fiye da da, har da kaza ranar da ba Juma'a ba. In Kaltume ta tambayi zancen Dakta, sai a ce ta yi tafiya, ko ana jiran wata takarda, ko an ce bayan Sallah. Kaltume takan dubi katin iƙamarta ta mayar cikin jaka. Ta ce wa kanta zato zunubi ne, ta yi istigfari.

Aka yi suna a gidan wani injiniya ɗan Najeriya, aka kama istiraha a bayan Shifa, irin filin nan mai katanga da ake haya don taro. Kaltume ba mai zuwa biki ba ce, amma maijegon ta yi mata kirki lokacin rasuwa. Jamilatu ta ce mata wurin da nisa, ga zafi, ta zauna ta huta za ta isar mata da barka. Kaltume ta ce a'a, wannan da ƙafarta za ta je.

A ɓangaren mata aka shimfiɗa darduma, aka ba ta wuri cikin manya, kusa da wata tsohuwa mai farin gilashi da ake kira Hajiya Bilƙisu. Tsohuwar ta tura farantin shinkafa gefe, ta zaro 'yar kwalbar cuku daga jakarta, ta buɗe. Ƙamshin kimba ya bugi hancin Kaltume.

"Bismillah, 'yar'uwa," in ji Hajiya Bilƙisu. "Ni yanzu wannan ne abincina. Wata yarinya ce take yi, Hajar, ƙanwar Jamilatu. Ƙaramar yarinya, amma hannun tsofaffi gare ta. 'Yata Kamila ta gama mata takardu, za ta je gida ta dawo ta zauna da ni."

Kaltume ta ji kamar an zare dardumar daga ƙarƙashinta. Ta lakaci maɗin don an miƙo mata, ta kai baki. Nata ne, tukunyar makon jiya, ta gane shi da ɗan ɗacin gefen da ya so kamawa.

Sai ga Dakta Kamila ta zo duba mahaifiyarta, mace mai fara'a, waya a hannu. Aka ce mata ga Kaltume matar marigayi Malam Lado. Ta durƙusa har ƙasa ta yi mata gaisuwa.

"Ayya, ke ce maƙwabciyar su Jamilatu. Ta ce kina taya Hajar feraye, Allah Ya ba da lada. Ni da farko ma ke ta ambata min, daga baya ta ce kin ƙagu ki koma gida cikin dangi. Gaskiyarki, Iya, zaman nan ba miji sai a hankali. Yaushe ne tafiyar?"

Daga can gefen manyan tukwane Jamilatu tana tsaye da ludayi, ta daina zuba miya. Hajar tana bayanta, idonta a ƙasa. Kaltume ta dube su. Kalma ɗaya ta isa, kuma ga Daktar a durƙushe tana jira. Ta dubi wuyan yarinyar, siriri, a sunkuye kamar na wadda ake shirin duka.

"Sai yadda Allah Ya yi," in ji ta. "Allah Ya sa ta riƙe amana."

Ba ta iya cin komai ba har aka tashi. A mota Uwaisu ya yi ta ba da labarin wani katafaren gini da suke yi a Dir'iyya, har ya gaji ya kunna rediyo.

Washegari da magariba kwanon mai jan fure ya sauko, Hajar ta ajiye a bakin ƙofa ta gudu. Farfesun kaza ne, har da ƙwai. Kaltume ta juye wa mai gadin benen, wani ɗan Bangaladash, ya yi ta godiya. Ta wanke kwanon da sabulu, ta goge shi ya bushe ƙarau, ba ta jefa ko ƙwayar dabino ba. Ta wanke tukunyar lantarkin ita ma, ta naɗe wayarta. Ta hau matakala a hankali, ta ajiye su a ƙofar Jamilatu, ta sauko.

Ba ta gama zama ba ta ji takun saukowa. Jamilatu ta faɗo ɗakin da kwanon a hannu, murfin a buɗe.

"Mene ne wannan?"

"Kwanonki ne."

"Wayam? Ni za ki mayar wa kwano wayam? Ki zage ni mana! Ki tara min mutane, ki ce Bakatsiniya ta ci amana. Ki ɗaga waya ki kira Dakta, ga lambar!"

Kaltume tana zaune a bakin katifa, carbi a hannu, ba ta ja.

Jamilatu ta zube a ƙasa. Muryar nan da ake ji daga kan titi ta koma ƙarama. "Yaya, Hajar jininta bai bushe ba aka miƙo min ita. Sau ɗaya na bar ta, ta iso min sai ƙasusuwa. In ta koma wannan karon ba zan ƙara ganinta ba sai a waya. Wuri ɗaya ne, ku biyu ne. Ya zan yi?"

"Da kin tambaye ni."

"Da na tambaye ki, da kin ba ni."

"Da na ba ki."

"To shi ya sa! Ina zan kai idona in ce ki ba ni?" Ta share hanci da gefen mayafi. "Na ce in an gama nata sai in nemo miki wani gidan. Wallahi haka na yi niyya. Ina ta nema."

"Kin turo min ita na koya mata da hannuna," in ji Kaltume. "Kika ce ga 'yarki. Wannan ne ban gane ba, Jamilatu. Wurin naki ne, ke kika samo. Amma ga 'yarki ɗin nan fa?"

Jamilatu ta daɗe a zaune tana juya murfin kwanon, sannan ta tashi ta fita da shi.

Ta nema ɗin kuwa, Kaltume ta ji a bakin mutane. Ta bi gidajen Shifa ɗaya bayan ɗaya, ta roƙi wanda ta sani da wanda ba ta sani ba. Amma lokaci ya ƙure, kuma ba kowa yake son ɗaukar mace mai kumburin ƙafa ba. Gidan Larabawan nan ma tuni sun sami wata. Wa'adi ya cika, wakilin kamfanin ya kawo takardar fita ta ƙarshe. Kaltume ta rarraba 'yan kayanta, ta bar wa mai gadi katifa, ta sa maburginta a akwati. Ta roƙi Uwaisu ya bi da ita ta gefen maƙabarta, ta yi wa Malam Lado addu'a daga cikin mota ta bayan katanga. Jamilatu ba ta raka ta filin jirgi ba. Tana tsaye a kan matakala lokacin da ake fitar da akwatin, ta buɗe baki kamar za ta yi tsokana, ta rufe. Kaltume ta ce mata, "Na yafe abin da zan iya. Sauran ki taya ni roƙo." Suka rabu a haka.

Jamilatu tana nan a Jaradiya har yau. An ce Hajar ta dawo, tana gidan Dakta, tsohuwa tana sonta. An ce maɗin yana nan yadda yake, har Larabawa suna aikowa a saya musu. An ce Jamilatu ta rage surutu, wasu kuma suka ce ƙarya ne, tana nan da bakinta.

Kaltume kuwa tana Haɗeja, a ɗakin da aka kwashe buhuna aka share mata. In matan gidan suka tambaye ta wace irin mace ce wannan Jamilatun da take yawan aiko da gaisuwa ba a amsawa, sai ta ce, "Mai kyauta ce," ta tsaya nan.

Da yake an san ta da tsoron Allah da rufin asiri, in mace ta rasu a unguwa ita ake kira wanka. Rannan aka kira ta gidan wata tsohuwa. Tana durƙushe tana zuba ruwa ta dama, 'yar marigayiyar tana riƙe mata buta, sai wata safiya ta Jaradiya ta dawo mata, har ta tsaya da hannu a sama. A makon waccan safiyar ne aka yi jana'izar wata 'yar Najeriya da ta rasu a asibiti ba ta da kowa, ma'aikatan ɗakin wankan masallaci suka wanke ta, ba wadda ta san ko sunanta daidai. Ita da Jamilatu suna zaune suna fere tuffa, ɓawo ya taru a tsakaninsu, Jamilatu ta ajiye wuƙa.

"Ke Bahaɗejiya, zan roƙe ki abu, kada ki yi dariya. Hajar yarinya ce, tsoro za ta ji. In na riga ki a garin nan, kada ki bar ni a hannun baƙi su juya ni kamar buhu. Ki shiga da kanki. Ki sa ruwan ya yi ɗumi, kin san ba na son sanyi. Ki tsefe min kitson a hankali, ki rufe min abin da kika gani. Kin ji? Ce min kin ji."